Jar Mota a Kan Ramin Malam Garba

Dukanku kun san jar motar nan da ke shagon bayan gida a kan bulo huɗu, kuma dukanku kun san labarin da ake bayarwa a kanta. Wai na yi wa yayanku Auwalu alkawarinta a gaban mutane, da lokaci ya yi sai na ji ba zan iya rabuwa da ita ba, na fasa. Ƙananan cikinku a bakin manya suka ji, yanzu har jikokina na ji suna maimaitawa. Ban taɓa musawa ba, domin rabin labarin gaskiya ne: na yi alkawari, kuma na fasa. Ɗaya rabin zan rubuta a nan. Bara mahaifiyarku Hajiya Rabi ta ce mini in ban faɗa da bakina ba za ta faɗa da nata, kun kuma san in ita ta faɗa ba za ta rage mini komai ba.

Na fara da kekuna, na koma babura, daga baya na shiga motoci, ina ɗauko su daga Kwatano ina sayarwa a nan Gwarzo da ƙauyukan kewaye. Ƙa'idar da na kafa wa kaina tun farko ita ce ba na son mota. Wadda na shigo da ita yau, in mai saye ya zo gobe, ko waiwayenta ba na yi. A kan wannan na zauna shekara da shekaru, har ranar da na je ɗauko bas guda biyu, na hango ta a kusurwar fili, ƙura ta rufe ta, tsayinta bai kai ƙuguna ba. Ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci kamar an ja shi da hannu, kuma babu fitila a fuskarta ko ɗaya. A lokacin ma ta kai shekara goma sha biyar da ƙerawa. Mai filin ya miƙo hannu ta taga ya murɗa wani abu, sai ga fitilu biyu sun ɗago daga cikin hancin a hankali, kamar mai barci ya buɗe ido. Ya murɗa makulli. Na ji injin mota iri-iri a rayuwata, amma wannan ba a kunne na fara jin sa ba, a ƙirji na ji shi. Na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa ganin ƙarfe ba. Bas ɗaya na ɗauko a wannan tafiyar, da ita.

Ranar da na shigo da ita gari, mutanen kasuwa suka sa mata suna Mai Lumshe Ido kafin in kai gida. Kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, ta fito da sandarta ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ɗago.

"Ina mutane za su zauna?"

Na ce, "Inna, mutum biyu take ɗauka."

Ta ce, "To wannan ai motar rowa ce. Ko buhun gero ba za ta kawo mini daga Kutama ba. Kai da ka san kan kuɗi, wa ya yi maka wannan wayon?"

Har ta rasu ba ta taɓa shiga ba. Ta ce ba za ta zauna a ƙasa ana jan ta a titi ba.

Doka ta ce kowace mota a kai ta a duba lafiyarta duk shekara, a ba ta takarda. Yadda mafi yawanmu muke yi kuwa ba ɓoyayye ba ne: mota tana gida, takarda ta zo ta same ta. Amma a ofishin da ke birni akwai wani mutumin Kabo, Malam Garba, siriri, marar yawan magana, wanda shi sai ya ga mota da idonsa. Mu dillalai muna ce masa Mai Guduma, saboda wata 'yar guduma da yake yawo da ita a aljihu, ba ta fi ludayin miya girma ba. In muka hango shi ne a bakin aiki, juya motocinmu muke yi a ƙofa mu dawo wata rana. Ni da ƙafata na kai masa wannan motar, kuma ba tsoron doka ya kai ni ba, fariya ce. So nake a ce motar Alhaji ta wuce ta hannun Mai Guduma.

Tsarinsa ɗaya ne, ba ya sauyawa. Fitilu, ham, waifa, sitiyari, tayoyi, hayaƙin salansa. Sannan a hau da mota kan rami, ya sauka ƙasa da tocila, ka riƙa jin gudumar tana tafiya daga hanci zuwa wutsiya, ƙal, ƙal, ƙal. Birki ne ƙarshe. A wannan shekarar ta farko ya daɗe a ramin fiye da yadda ya saba, har na fara tsarguwa. Da ya fito sai ya goge hannu, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya ƙera wannan?"

Na ce, "Turawa mana, Malam."

Ya ce, "Na sani. Wane irin mutum ne nake tambaya. Sauko ka ga waldar da ya yi a inda ya san ba mai gani."

Duk motocin da suka bi ta hannuna, ran nan ne karon farko da na tsaya a ƙarƙashin mota na ɗaga kai. Ya riƙa haska mini yana nunawa da ƙotar guduma. Kowace gaɓa an ɗinke ta daidai wa daida, kamar aikin babbar riga da aka yi wa ciki kwalliya irin ta waje. Kowane bututu yana kwance a hanyarsa, an ɗaure shi, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Na yi tunanin wani mutum a wata ƙasa mai sanyi, wanda ba zai taɓa jin sunan Gwarzo ba, ya sunkuya ya yi wannan aikin da kyau haka, alhali ya san daga ƙasa ne, laka ce kawai za ta gani. Muka fito daga ramin. Malam Garba ya buga hatimi bai rubuta komai a gurbin gyara ba.

Daga nan ya zama mini al'ada, duk shekara bayan kaka. Shekara ta biyu da ta uku ba a sami komai ba. Ta huɗu ƙwan fitilar baya ne. Daga nan tsufa ya fara leƙowa, amma ta wuraren da ban zata ba. Robar waifa ta bushe ta tsage, alhali ba na fita da motar cikin ruwa. Shokar gaba ta fara tsatsafar mai. Wata shekara idonta na hagu ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, ya tsaya a rabi kamar mai harara, mutanen da ke layi suka yi ta dariya, Malam Garba ya ce in je in gyara in dawo. Wadda ta fi ɓata mini rai ita ce shekarar tayoyi. Zanensu bai ci ba ko kaɗan, na kuwa gaya masa haka da ɗaga murya.

Ya ce, "Titi bai ci ba. Shekaru sun ci. Sunkuya."

Na sunkuya, ya lanƙwasa gefen tayar da babban yatsa, sai ga tsaga ƙanana birjik kamar diddigen manomi.

Ya ce, "Ku dillalai mita kuke dubawa, ku ga tafiyar da mota ta yi, sai fenti. Irin wannan motar ban ga da yawa ba, amma waɗanda na gani tsufansu daban ne. Motar haya aiki ne ke kashe ta, kowa yana gani tana mutuwa. Wannan kuwa mai ita yana sonta, yana ɓoye ta, injinta zai fi mai ita daɗewa. Roba da bututu da ƙarfen ƙasa su ne za su tafi, kuma a zaune za su tafi."

Na ji maganar, na yaba da ita, har na riƙa maimaita wa abokan sana'a kamar tawa. Duk abin da ya ce a gyara ina gyarawa in koma, ya buga hatimi. Sau da yawa a gabana ake mayar da motocin da ta girme su da shekara goma, wannan hayaƙi, wannan sitiyari yana wasa, ita kuwa ta sauko daga kan rami da takardarta. Shekara tara a jere. Takardun suna nan cikin gwangwanin biskit a ƙasan akwatina.

Sai Malam Garba ya yi ritaya ya koma Kabo. Tunda babu wanda zan yi wa fariya, na daina kai ta. Na koma yadda kowa yake yi, wani mai yankan takardu ya riƙa kawo mini har gida. A daidai waɗannan shekarun ne na shiga harkar takin zamani, in saya da rani in ajiye, ruwa ya sauka in sayar wa manoman Kutama da Unguwar Tudu. Shagon da ya fi kowane kyau a gidan nan, mai daɓen siminti da rufin da ba ya yoyo, shi ne na motar. Sai na jera buhuna a jikin bango har sama, ita tana tsakiya a rufe da tamfol. Da damina takin yuriya yana gumi. Daɓen kullum a jiƙe yake, in ya bushe ya bar fari-fari kamar gishiri. Ina gani. Ni ɗan manomi ne, na san abin da taki yake yi wa fartanyar da aka manta a bakin buhu. Amma duk Juma'a in na yaye tamfol, jan fentin nan yana ɗaukar ido, in murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, sai in mayar da rufi hankalina kwance. Cikinta bai fi taƙi ɗaya daga daɓen ba. Damina huɗu tana kwance a kan wannan ruwan.

Auwalu ya tashi da son motar nan fiye da kowa a cikinku. Wata sallah, gida cike da dangi, na ce ranar da ya gama jami'a ya gama hidimar ƙasa, makullinta nasa ne. Ba wanda ya roƙe ni, ni na faɗa. Ya kuwa gama, ya dawo, aka sa walima ranar Juma'a, abokansa za su zo daga birni, in miƙa masa makulli, ya ja ta su tafi Kano a jere. Ranar Talata da safe ina karyawa, mahaifiyarku ta zauna a gefen tabarma. Kun san ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Alhaji, rabon motar nan da Mai Guduma shekara nawa?"

Na ce, "Ai ya yi ritaya. Ga takardarta nan sabuwa, watan jiya aka kawo."

"Wanda ya rubuta takardar ya ga motar?"

Na ci gaba da shan kokona.

Ta ce, "Yaron nan ba takarda zai hau ba. Kabo ba nisa. In lafiyarta ƙalau, me ka rasa? Ka je ka sha yabo, ai ka iya."

Maganar ƙarshen ce ta tashe ni. Washegari da hantsi na fito da ita ni kaɗai. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi gefe da gefe har ba a hango gonaki. Titi babu kowa. Na ce a raina wannan ce tafiyata ta ƙarshe da ita, bari in ji ta. Na taka totur, ta kwanta a kan titi, ƙarar nan ta cika mini ƙirji kamar ranar farko, karan dawa suka haɗe suka zama bango ɗaya kore. Ba zan faɗa muku gudun da na yi ba, don ina jin kunya. Ana cikin haka, gab da shiga Kabo, amalanken shanu ya fito daga wata 'yar hanya tsakanin dawa, an ɗora dammunan gero, manomi da matarsa a zaune a sama. Na danna birki da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Tayoyi suka yi kuka, motar ba ta karkace ba ko kaɗan, ta tafi a miƙe ta tsaya cak. Numfashin san da ke kusa da ni har ya yi tururi a kan hancinta. Matar ta rufe fuska da mayafi. Manomin ya dube ni daga sama.

Ya ce, "Sannu, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba."

Na ce amin, na ba su haƙuri, suka wuce. Abin da ya zo mini ba tsoro ba ne. Daɗi na ji. Na ce birki kamar sabo, ga labarin da zan ba Malam Garba.

Na same shi a bayan gidansa, ya haƙa rami a ƙarƙashin mangwaro ya daɓe shi da siminti, yana duba wa manoma a-kori-kurarsu. Ya tsufa, ya sa tabarau. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya damina, ya ƙarfin jiki, ya bayan rabuwa, ya tambayi Inna na gaya masa ta rasu, ya yi mata addu'a. Sannan ya juya ya ɗora tafin hannu a kan rufin motar.

Ya ce, "Ke ma sannu. Kin guje ni."

Bai tambayi takarda ba, ni ma ban fito da ita ba. Ya bi tsarinsa kamar yana ofis. Fitilu suka ɗago tare. Ham, waifa, sitiyari, tayoyi, babu magana. Ya sa farin ƙyalle a bakin salansa ya cire shi fari. Ya buɗe bonet, ya ɗora kofin shayinsa a kan injin yana aiki, muka tsaya muna kallo, shayin ko motsi bai yi ba. Ya girgiza kai.

"Ta kusa shekara talatin. Ikon Allah. Hau da ita."

Na hau da ita kan rami, na fito na tsaya a inuwa ina gyara babbar rigata. Gudumar ta fara daga hanci. Ƙal, ƙal, ƙal. Na san wannan sautin kamar muryar 'ya'yana. Da ta zo tsakiya sai ya sauya, ya yi nauyi, kamar ana buga katako. Da ta kai baya sai na ji wani abu kamar an taka busasshiyar ƙwarya, wasu abubuwa suka zubo a daɓen ramin.

"Alhaji, tuɓe rigar ka sauko."

Wurin da ya taɓa nuna mini ɗinkin mutumin nan, nan ya haska. Ɗinkin yana nan, bai saki ba, amma ƙarfen da ke gefensa ya kumbura ya yi ɓawo-ɓawo, ana taɓawa yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa. A inda ƙafar baya ta dama take riƙe da shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, gudumar ta shige har ƙota. Ya sa yatsa ya shafo wani farin abu, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar.

"Taki kake ajiyewa kusa da ita?"

Na ce, "Ɗaki ɗaya suke."

"Damina nawa?"

"Huɗu."

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in koma sama in tayar da ita, in taka birki da dukan ƙarfina in riƙe. Na shiga na taka. Birkin ya tsaya da ƙarfi a ƙarƙashin ƙafata kamar dutse, har na fara cewa ka gani. Sai na ji ya saki, ƙafata ta tafi a hankali har ta taɓa ƙasa. Malam Garba ya fito daga ramin, man birki yana ɗiga daga hularsa zuwa kafaɗa. Ya koma da zarto ya yanko bututun da ya fashe, tsawon yatsa, ya sa mini a tafin hannu. Bai fi karan tsintsiya biyu kauri ba, gefensa ɗaya ya lalace ya zama kamar ɓawon albasa, ina hango haske ta jikinsa.

A nan ne na ba shi labarin amalanken, ba yadda na shirya bayarwa ba. Ya saurara har na gama, sannan ya zauna a bakin ramin, ya cire hular ya riƙe. Ya daɗe yana kallon motar.

Ya ce, "Taku biyu suka rage mata ke nan. Ɗaya ka kashe a kan titi, ɗaya a kan ramina." Ya ƙara da cewa, "Da amalanken nan biyu ne a jere, ko da ka taɓa birki da ƙarfi kafin ka baro Gwarzo, da yanzu wani labarin ake yi. Ni dai shekara talatin ina ƙarƙashin motoci, kuma har yau ban san yadda ake wannan lissafin ba. Ba mu muke yi ba."

Na zauna kusa da shi a ƙasa, da farar shadda. Amma dillali dillali ne, da na dawo hayyacina kaina ya fara aiki.

Na ce, "Malam, bututu ai ana sauyawa. Shasin kuma a yi masa walda, a shafe da kwalta."

Ya ce, "Na san kun iya. Na daɗe ina ganin aikinku daga ƙasa. Walda ƙarfe take kamawa, Alhaji, nan kuwa babu ƙarfe, daga nan har can. Za ta yi kyau. Za ta wuce idon kowa, watakila har nawa yanzu da na tsufa. Sai wata rana a kwana, ana gudu, ƙafar baya ta kama gabanta. Wa zai hau?"

Na ce, "Auwalu. Jibi."

Ya goge gudumarsa ya sa a aljihu.

Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. Wannan aikin na walda da kwalta na sha sa a yi wa motoci in sayar, ban taɓa tambayar wa zai hau ba. Tun daga makon nan na sa aka haƙa rami a filin motocina, wanda kuke gani har yau, kuma babu motar da ta ƙara fita daga hannuna ban sauka ƙarƙashinta ba. Wasu sun ɗauka dabarar jan masu saye ce. Na bar su a haka.

Malam Garba ya sa mata sabon bututu da hannunsa don kawai ta kai ni gida. Na taho a giya ta biyu, masu babura suna wuce ni suna waiwaye, har wani mai keke ya jera da ni yana tambaya ko mai ne ya ƙare. A hanyar nan na gama yanke cewa ba za ta ƙara hawa titi ba, ba da Auwalu ba, ba da ɗan kowa ba. Wannan shawarar ba na nadamarta. Wadda nake nadama ita ce ta biyu. A kasuwar nan ni ake kira in duba mota kafin a saya, maganata ce ƙarshe. Na ga kaina ana nuna ni ana cewa ga wanda ya jiƙa motarsa a ruwan taki damina huɗu bai sani ba, yana yawo da takardun da ba a duba ba. Na ji ba zan iya ba. Mahaifiyarku kaɗai na nuna wa bututun, na kuma hana ta faɗa. Ta ce, "Alhaji, sunanka za ka tsare da zuciyar yaron nan?" Na ce zai manta.

Bayan la'asar na kira shi zaure. Ya shigo da fara'a ya durƙusa.

Na ce, "Maganar motar nan na fasa. Ka je fili ka zaɓi duk wadda kake so."

Ya ɗago ya dube ni. "Baba, wani laifi na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Na fasa ne kawai."

"Na riga na gaya wa mutane, Baba."

"Ka sake gaya musu."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya tashi ya fita.

Bai je filin ba. An yi walima ranar Juma'a, ya gaisa da kowa, ya bi abokansa a motarsu. Washegari na sa aka kwashe takin, aka wanke daɓen, aka ɗaga ta kan bulo aka cire tayoyin. Gari ya ɗauka rowa ce ta kai ni har haka, wasu suka ce Inna ta faɗa tun farko. Masu kuɗi daga birni sun zo sau da yawa suna so, na ce ba ta sayarwa ba ce, wannan ma aka ƙara a kan labarin. Na ce zai manta, bai manta ba. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, yana zuwa sallah, yana kawo 'ya'yansa, yana yi mini duk abin da ɗa yake yi wa uba. Amma tun daga zauren nan har yau Auwalu bai ƙara roƙona komai ba, ko aron biro. Uba ne kaɗai ya san nauyin wannan. Shekarun da sunana ya ƙara yi a kasuwa ba su kai wannan nauyin ba.

Malam Garba ya rasu, na je jana'izarsa a Kabo, ramin nan yanzu an cike shi an shuka albasa. Motar kuwa har yau duk Juma'a ina shiga in murɗa makulli. Bugu ɗaya take tashi. Idanun nan biyu su ɗago, ƙarar ta cika shagon, ka rantse yanzu za ta kai ka Kano ta dawo. Nakan zauna a ciki in yi ta mamakin wanda ya ƙera ta, da abin da ya cinye ta a ɓoye, da Wanda ya ƙirga mata takun nan biyu ya ajiye kowanne a inda ya ajiye shi.

Auwalu, gwangwanin biskit ɗin yana ƙasan akwatina, na gaya wa mahaifiyarka ta ba ka. Takardu tara na sama masu hatimin Malam Garba ne. Huɗun da ke ƙarƙashinsu ka ƙone su. A can ƙasa, cikin ƙyalle, akwai makullin, nan nake mayar da shi duk Juma'a, naka ne tun ranar da na faɗa, da ɗan guntun bututu. Ka fita da bututun waje ka ɗaga shi saitin rana, ka leƙa. Abin da na kusa miƙa maka a waccan Juma'ar ke nan.